Kafin GTA 6 Ya Iso: Wace Damuwa Ce Taku?

Ƙannena, a ranar 6 ga Nuwamba 2025 kamfanin Rockstar ya sanar da cewa ya sake ɗage fitowar Grand Theft Auto VI, wanda kowa ya fi sani da GTA 6, zuwa 19 ga Nuwamba 2026. Karo na biyu ke nan. Da farko an ce a 2025 zai fito, a watan Mayun shekarar aka mai da shi 26 ga Mayu 2026, sannan aka sake ƙara kusan wata shida a kai. Duk mai shiga gidajen gem na Kubwa, Nyanya ko Lugbe, ko mai ratsa shagunan Banex a Wuse 2, ya ji yadda maganar ta zaga gari. Wannan ya ce lallai akwai matsala a cikin kamfanin. Wancan ya ce za su ɓata labarin. Wani kuma ya ce ko ya fito ma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Har na ji matashi yana rantsuwa cewa gem ɗin ba zai yi kyau ba, alhali abin da kamfanin ya nuna wa duniya a lokacin bai wuce bidiyon somin-taɓi guda biyu ba, waɗanda in an haɗa tsawonsu ba su kai minti biyar ba.

Ban raina wannan damuwa taku ba. Mutum ba ya fargaba a kan abin da bai shiga ransa ba. Kuma jiran ya yi tsawo da gaske. GTA V ya fito ne a ranar 17 ga Satumba 2013, zamanin PS3 da Xbox 360. Yaron da yake aji huɗu na firamare a wannan shekara yau ya gama jami'a ko yana dab da gamawa. Jerin kansa ya girmi yawancinku: na farko ya fito a 1997 daga wani kamfani mai suna DMA Design a garin Dandi na Sikotilan, Vice City ya zo a 2002, San Andreas a 2004. Na biyar ɗin ya tara dala biliyan ɗaya cikin kwana uku da fitowarsa, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 200. Abin da ya kai wannan girma dole magajinsa ya zo da nauyi a kai, dole kuma masu jiransa su riƙa tunanin ko zai iya ɗauka.

Abin da nake so ku yi shi ne ku zazzage wannan damuwa ku tsince ta. A cikinta akwai wadda taku ce, ta taɓa aljihunku, lokacinku da tarbiyyar gidanku. Akwai kuma wadda aka ara muku daga wata ƙasa, kuka ɗauka kuka yafa ba tare da kun duba ko ta yi muku daidai ba. Na lura ta aron ce ta fi cin lokacinku, ta gidan kuwa ba ku cika waiwayarta ba.

Mu fara da hasashe, tunda shi ne abincin kowa a yanzu. Tarihin gem cike yake da lokutan da masoya suka yanke hukunci kafin su gani, kuma suka sha kunya. A shekarar 2000 kamfanin Nintendo na Japan ya nuna wani ɗan gajeren bidiyo na jaruminsa Link, na jerin Zelda da ya faro tun 1986, yana gwabza takobi cikin siffa mai kama da ta mutum sosai. Masoya suka yi ta murna. Da shekara ta zagayo, a 2001, sai kamfanin ya fito da ainihin abin da yake haɗawa: Link ya koma ɗan yaro mai ƙaton kai da manyan idanu, irin zanen katun. Aka yi ca a kan kamfanin, aka ce sun mai da jerin wasan yara, sun ci amanar waɗanda suka girma da shi. Gem ɗin, The Wind Waker, ya fito a Japan a ƙarshen 2002, ya isa Amurka a 2003. Masu sharhi suka yaba, kuma da shekaru suka tura sai wannan zanen da aka zaga ya zama abin da aka fi tunawa da shi, domin bai tsufa ba yadda na tsararsa suka tsufa. A 2013 aka sake gyara shi aka fitar, aka karɓe shi hannu bibbiyu.

Kada ku ce to ashe kullum kamfani ne ke da gaskiya. Ku dubi Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt Red da ke Polan. Wannan ba tsoro aka yi masa ba, ɗoki aka yi. Mutane kimanin miliyan 8 suka biya kuɗi tun kafin ya fito. Ranar 10 ga Disamba 2020 ya fito, sai ga shi a kan PS4 yana ƙagewa, yana mutuwa, mutane na nutsewa cikin ƙasa, motoci na ɓacewa a tsakiyar titi. Bayan kamar mako guda Sony ta cire shi daga shagonta na intanet ta ce a mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai Yunin 2021. Shi kansa Rockstar ɗin da kuke jira ya taɓa yin irin wannan. A Nuwamba 2021 ya fitar da GTA III, Vice City da San Andreas da aka sabunta a haɗe, aka same su cike da kurakurai, har sai da kamfanin ya fito ya ba da haƙuri.

To ga inda na dosa. A wuri ɗaya tsoro ya yi kuskure, a wani wurin ɗoki ya yi kuskure, kuma a duka biyun babu wanda ya san gaskiya sai da abin ya shiga hannun jama'a. Gani ya kori ji. Wanda ya yi haƙurin mako biyu bayan fitowar gem, ya kalli yadda yake gudana a hannun mutanen da suka saya da kuɗinsu, bai yi asarar komai ba. Wanda ya kwana biyu yana zagin miya tun tana kan murhu, ko yana yabonta bai ɗanɗana ba, shi ne ya ɓata bakinsa a banza. Shi kuwa ɗagewar da ke tayar muku da hankali, ba ta nuna komai ita kaɗai. An ɗage Cyberpunk har sau uku, ya fito da matsala. An ɗage Red Dead Redemption 2 na Rockstar sau biyu, ya fito a Oktoba 2018 ya zama abin kwatance.

Sai ku tambayi kanku wa ke cin ribar fargabarku. Kullum ka buɗe YouTube ko TikTok za ka tarar da wani ya zaro ido a hoto, ya rubuta da jan rubutu cewa GTA 6 ya shiga uku. Ka danna, ka zauna minti goma sha biyar, a ƙarshe ka gane babu wani sabon labari, tsohon zance ne aka sake juyawa da jita-jitar wani da ba a ambaci sunansa ba. Mai bidiyon ba mahaukaci ba ne. Ana biyansa ne gwargwadon yawan masu kallo, kuma ya san labarin tashin hankali ya fi na kwanciyar hankali saurin jan mutane. Shi ya samu dala, kai ka ƙarar da data. Data kuwa ba ta da arha: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ka biya kuɗi mai tsada don a saka maka ɓacin rai a kan abin da babu wanda ya nemi shawararka a kai. Wannan ciniki ne da bai kamata mai hankali ya ci gaba da yi ba.

Abin da ya fi damuna a cikin kayan aron nan shi ne rigingimun da ba namu ba. Akwai wani faɗa da ake yi a Amurka da Turai a kan launin fata, jinsi da siyasa, wanda ya daɗe da shigowa duniyar gem. Duk sabon gem da za a fitar sai an ja shi cikin wannan fage. Da aka nuna cewa GTA 6 yana da jarumai biyu, Jason da Lucia, a wata jiha ta ƙirƙira mai suna Leonida da aka kwaikwayo daga Filorida, nan da nan wasu suka fara cewa an sa mace ne don a faranta wa wani ɓangare. Haka aka yi da Assassin's Creed Shadows na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 20 ga Maris 2025 bayan ɗagewa biyu. Ɗaya daga cikin jarumansa Yasuke ne, mutumin Afirka da tarihi ya tabbatar ya isa Japan tare da wani limamin Kirista ɗan Italiya, Alessandro Valignano, ya kuma shiga hidimar babban jagoran yaƙi Oda Nobunaga a 1581. Wasu Japanawa sun yi ƙorafi na gaskiya a kan yadda aka nuna wuraren ibadarsu da al'adunsu, kuma wannan haƙƙinsu ne. Amma da yawa daga masu ihun ba abin da ya dame su sai ganin baƙar fata a gaban kwali. Na ga yaranmu, baƙaƙe 'yan baƙaƙe, suna kwafo kalaman waɗannan mutane suna yaɗawa, suna ganin wayewa ce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da kake maimaita maganarsa, da zai gan ka, kai ma abin da zai faɗa a kanka ke nan. Kayan aro ba ya rufe katara. In kana da ra'ayi a kan yadda ake nuna mata ko addini ko baƙar fata a gem, ka gina shi daga tarbiyyarka da iliminka, ka faɗe shi da bakinka.

Daga nan sai maganar harshe. A bayan kowane gem akwai mutane masu iyali, masu jin zafi. Ron Gilbert shi ne ya ƙirƙiro jerin Monkey Island a 1990, labarin wani saurayi mai son zama ɗan fashin teku. Bayan shekara talatin da wani abu ya dawo ya haɗa sabon babi, abin da masoya suka daɗe suna roƙo. Da aka nuna salon zanen sai wasu suka wuce sukar aiki suka koma cin mutuncinsa, har a Yunin 2022 ya ce ya daina magana a kan gem ɗin a bainar jama'a. Da gem ɗin ya fito a Satumbar shekarar, ya samu yabo sosai. Abubakar Salim, ɗan wasan Birtaniya mai tushe a Kenya, ya haɗa Tales of Kenzera: Zau a 2024 don jimamin rasuwar mahaifinsa, ya gina shi a kan tatsuniyoyin Afirka, shi ma ya sha zagin wariyar launin fata. Mu da aka rene mu a kan cewa baki shi ke yanka wuya, bai dace a same mu a cikin wannan ayari ba. Kana da 'yancin cewa zane bai yi maka ba, labari bai gamsar da kai ba, farashi ya yi yawa. Zagin uwar wani saboda gem kuwa, ko da Turanci ka rubuta, ko mutumin ba zai taɓa karantawa ba, zagi ne, kuma a littafinka aka rubuta shi.

Haka batun satar fitar da abin da ba a gama ba. A Satumba 2022 wani matashi a Ingila da bai kai shekara ashirin ba ya kutsa cikin kwamfutocin Rockstar, ya watsa bidiyoyi kusan 90 na gem ɗin tun yana ɗanye. Mutane suka kalli aikin da ba a kammala ba suka ce bai yi kyau ba. Shi kuwa yaron, a Disamba 2023 kotu ta ba da umarnin a tsare shi a asibiti mai tsaro ba tare da ƙayyade ranar fita ba. Ina ambaton wannan ne saboda na san a cikinku akwai masu baiwar kwamfuta, kuma akwai masu nuna muku irin wannan a matsayin jarumta.

Akwai damuwa guda da nake ganin tana da tushe, ita ce ta sauyin mutane. Dan Houser, wanda ya jagoranci rubuta labaran jerin shekara da shekaru, ya bar kamfanin a Maris 2020. Leslie Benzies, babban furodusan da ya riƙe aikin tun GTA III, ya tafi tun 2016. Hannun da ya saba ya tafi, dole ɗanɗano ya ɗan sauya. Mu ma mun san wannan a namu fagen. Masu kallon Labarina na Aminu Saira sun tuna hayaniyar da aka yi lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. Wasu sun ce shi ke nan shirin ya mutu, wasu sun saba, wasu har yau ba su saba ba, shirin kuma ya ci gaba da tafiya. Duk labarin da ya daɗe sai ya ga irin wannan rana. Abin da zai yiwu shi ne ka auna sabon aiki da kansa: ya riƙe ka ko bai riƙe ka ba.

Amma in za mu faɗa wa juna gaskiya, abin da manyan cikinku ke tsoro ya wuce marubuci ko zane. Tsoron shi ne kada sabon ya zo ba ku ji abin da kuka ji da San Andreas ba. Ina iya ganin irin ɗakin nan har yanzu: shago ɗan ƙarami a bayan layi, benci biyu, talabijin mai ƙaton baya, PS2 da aka ɗora a kan kwali don kada ya yi zafi, ƙaramin janareto na kuka a bakin ƙofa. Yara shida a kan pad ɗaya. Mai kuɗin ne ke riƙe da shi, amma kowa na tuƙi da baki: "Shiga kwana! 'Yan sanda na bayanka!" Wani ya zaro takardar littafin makaranta da ta sha ninki har ta yi laushi, an rubuta lambobin sirri da biro, na makami, na mota, na ƙarin rai, yana karantowa ana dannawa. Ba wanda ke bin labarin, ba wanda ke jin rabin Turancin da CJ, jarumin gem ɗin, ke yi. A tsakiyar daɗi mai shago ya ce lokaci ya cika, ko wuta ta ɗauke, a watse ana gardamar wa ya fi iya tuƙi har ƙofar gida.

Wannan daɗin ba Rockstar ne ya haɗa shi duka ba. Rabinsa ƙuruciya ce, da abokai, da rashin nauyin komai a wuya. Yau wanda ke karanto lambobin yana Fatakwal yana aiki, mai riƙe pad ɗin ya yi aure yana da 'ya'ya biyu, wani kuma Allah Ya yi masa rasuwa. Ko kamfanin ya zuba dukiyar duniya a sabon gem ɗin ba zai iya tattaro muku su a benci ɗaya ba. In ba ku gane wannan ba, za ku kunna GTA 6 a ɗaki ku kaɗai, ku ji wani giɓi, ku ɗora wa gem laifin abin da shekaru suka yi. Wanda ke kewar wancan zamani, ya ɗauki waya ya kira abokin nan da ya daɗe bai ji muryarsa ba. Wannan yana hannunsa yau, ba sai Nuwamba ba.

Yanzu mu zo kan damuwar da taku ce, wadda kuke da abin yi a kanta.

Ta farko kuɗi. Tun 2020 manyan sababbin gem suka koma dala 70, a 2025 kuma Nintendo ta sayar da Mario Kart World a dala 80. Ku leƙa wajen 'yan canji a Wuse Zone 4 ku ji lissafin. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. A irin wannan farashi dala 70 ta kai naira 105,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, alawus ɗin mai yi wa ƙasa hidima kuma 77,000. Wato faifai ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Ba a ma zo kan na'urar ba, domin a kan PS5 da Xbox Series kawai aka ce zai fito, masu PS4 ba su ciki. Masu jiran na kwamfuta su tuna cewa GTA V ya kai Afrilun 2015 kafin ya iso gare su, Red Dead Redemption 2 kuma ya ɗauki shekara guda. Sai data ta saukewa da sabuntawa, tunda gem irin wannan kan ci wajen gigabait 100, sai wuta ko man janareto. Saurayin da ke Landan ko Niyok, wanda kuke kallon bidiyonsa, kuɗin gem ɗin aikin 'yan sa'o'i ne a gare shi. Kada ku auna kanku da ma'auninsa.

Shawarata a nan a fili take. Kada ka ci bashi saboda gem, musamman bashin manhajojin waya masu ruwa, waɗanda in ka makara suke bin lambobin 'yan uwanka suna tozarta ka. Kada ka taɓa kuɗin makaranta ko jarin da aka ba ka. Kada ka matsa wa mahaifin da ke fita tun asuba daga Mararraba ko Suleja yana kokawa da cunkoson hanya don ya kawo cefane. Kada ka biya kafin fitowa. Gem ɗin da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa a shago, babu layin da za a bar ka a baya. In kana da sana'arka kuma ka ware kuɗin nishaɗi daga halaliyarka, ba mai hana ka. In ba ka da shi, gidan gem na nan, ka biya na awa guda ka gani da idonka. Bayan wasu watanni faifan hannu zai fara yawo a Banex da sauƙi. Kuma ku sa ido a kan sayayyar cikin gem: GTA Online ya daɗe yana sayar da kuɗin bogi da kuɗin gaske, kuma irin wannan ƙaramin cire-cire shi ke tatse mutum bai ankara ba.

Ta biyu 'yan damfara, kuma wannan ta fi kowacce kusa da ku. Duk wanda ya turo maka mahaɗi a WhatsApp ko Telegram ya ce ga GTA 6 na waya, ko ga na gwaji an saki, ko ka tura kuɗi a ajiye maka kwafi, ƙarya yake yi. Kamfanin bai sanar da na waya ba. Irin waɗannan fayiloli sau da yawa manhajojin sata ne, ka saka su da hannunka, ka ba su izinin karanta saƙonninka, su kwashe lambobin da banki ke turo maka. Wayar da kake gem da ita ita ce dai wayar da kake tura kuɗi da ita, wani lokaci ma ta mahaifiyarka ce ka ara. Ɗoki ne ƙofar da ɓarawon ke shigowa ta ciki, kuma yana ƙara faɗi duk lokacin da ranar fitowa ta matso.

Ta uku, wadda ban taɓa jin ana tattaunawa a gidan gem ba, ita ce abin da ke cikin gem ɗin kansa. Kuna fargabar ko za a rage masa zafi, ni kuwa tambayata ita ce wa zai zauna a gabansa. GTA labarin 'yan fashi ne, masu safarar ƙwaya da kisa. A cikin na biyar akwai gidajen rawar tsiraici, akwai ashar da ba ta da iyaka, akwai wani babi da ake sa mai wasa ya azabtar da mutum da hannunsa. Waɗanda suka yi shi ba su ɓoye ba: hukumar tantancewa ta Turai ta sa masa alamar shekara 18, ta Amurka ta ce 17 zuwa sama, an buga a jikin kwali. A ƙasashen da aka yi shi ma ba a ce na yara ba ne. Amma a nan za ka shiga shago ka tarar da ɗan shekara tara a gabansa, ba mai cewa uffan. Ba na cikin masu cewa duk wanda ya buga gem zai zama ɗan ta'adda. Mutane da yawa sun buga sun tashi lafiya lau. Sai dai ido da kunne suna sabawa da abin da ake ba su kullum, kuma kunya abu ce da in ta zube ba ta kwasuwa da sauƙi. Baligi ya yi wa kansa hisabi tsakaninsa da Ubangijinsa, ya san abin da zai tsallake da abin da zai kashe talabijin a kansa. Amma ƙaninka da ke zaune a gefenka bai kai wannan matsayi ba, kuma kai yake kallo. Ni a ganina wannan gem bai kamata ya shiga falon da yara ke zama ba. Masu gidajen gem kuma, waɗanda da yawansu tsararrakinku ne, ku ware wa yara ƙwallo da tseren mota. Ba za ku rasa ciniki ba, iyaye ma za su fi sakin jiki da ku.

Sai lokaci. An gina irin waɗannan gem ne don su riƙe mutum sa'o'i masu yawa, kuma Nuwamba tsakiyar zangon karatu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da gem cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma alamar da ta bayar ba yawan sa'o'i kawai ba ne: shi ne mutum ya kasa tsayawa, ya fifita gem a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da yake yi masa. Ba sai likita ya gaya maka ba. In an kira salla ka ce bari in ƙarasa wannan aikin, har aka kira ta gaba. In an aike ka ka yi tsaki. In ka shiga aji ko shago da jajayen idanu saboda ka kai ƙarfe uku na dare, ka san inda ka kwana. Ka yanke wa kanka iyaka tun yanzu da kanka ke sanyi, domin ranar da pad ke hannunka ba za ka iya ba.

Wanda ya ƙuduri saye, ya fara tara kuɗinsa kaɗan-kaɗan daga abin da ya samu da guminsa, ya bar su a ajiye har gem ɗin ya fito ya yi mako biyu ko uku a kasuwa. Ya kalli yadda yake gudana a kan irin na'urarsa, daga mutanen da ba kamfani ne ya ba su kyauta ba. In faifai zai saya, ya je shagon da ya sani, a saka a gwada a gabansa, ya karɓi rasit. In kuma an sake ɗagewa, abin da ya riga ya faru sau biyu, kuɗinsa na nan a hannunsa, sai ya duba ko akwai wata buƙata a gida da ta fi gaggawa.